Gidan da Ba a Jin Taɓarya

A shekarar da fari ya ƙone gero tun bai fid da kai ba, rijiyoyin ƙasar Alela suka ja da baya, aka shiga neman masu ƙara musu zurfi. Iliyasu mai haƙar rijiya bai taɓa ganin aiki irin na wannan shekara ba. Shi da babban ɗansa Mutari suke sauka, ɗaya ya sara da dagi, ɗaya ya cika guga. Wata safiya, a wani ƙauye kusa da Tsarnawa, bangon rijiya ya zubo musu. Mutanen gari suka yi ta haƙa daga sama, sai da rana ta karkata suka kai ga Iliyasu, suka jawo shi da sauran numfashi. Mutari yana can ƙasa da shi. Sai washegari aka fito da gawarsa.

Tsahara, ɗiyar Iliyasu, tana kwaleji a Birnin Konni lokacin da labarin ya iske ta. Ta zo zaman makoki da ɗan akwatinta na kwano, da niyyar komawa idan an watse. Ba ta koma ba.

Gidansu yana gefen gari, bayan wani fili da ake turke dabbobi, kuma gida ne mai hayaniya tun asali. Akwai mahaifiyarta Uwani, akwai Ladi matar marigayi da goyonta, akwai ƙannenta Delu da Rabi'u masu zuwa lakwal, wato makarantar boko, ga jaki, ga awaki, ga zakara. Da asuba kowa neman wani abu yake yi da ƙarfi. Wannan ya rasa takalmi, wancan ya zubar da ruwa, jariri yana kuka, Uwani tana daka tana faɗa, duk lokaci ɗaya.

Da baƙi suka watse, Uwani ta jawo turminta da asuba kamar kullum, ta zuba hatsi, ta ɗaga taɓarya. Iliyasu yana kwance kan tabarma cikin ɗaki mai duhu, kunnensa a ƙasa. Ba a daɗe ba suka ji ihu. Suka iske shi a durƙushe yana tonon daɓen ɗaki da yatsunsa, yana kiran Mutari. Abin da ya fi tsorata Uwani ke nan, domin tun da aka haifi yaron, Iliyasu bai taɓa kama sunansa ba, kunyar ɗan fari. Dogo yake ce masa. Delu ta matsa ta riƙe hannun ubanta. Ya wurgar da ita kamar tsumma, ta bugu da bakin ƙofa, goshinta ya tsage.

Ƙanen Iliyasu, Hamani, shi kaɗai aka kira. Ya zo ya dubi ramin, ya dubi goshin yarinya, ya dubi wansa da ya koma gefe yana haki, bai san abin da ya yi ba. Hamani ba mugun mutum ba ne. Ya ce akwai yara a gidan, yau goshi ne, gobe ba a san mene ba, kuma maganin da ya sani ɗaya ne: turu. Gungumen icce a huda shi, a sa ƙafar mutum ciki, a buga ƙarfe, kamar yadda ake yi wa kowa idan hankali ya gushe.

Tsahara ta tsaya tsakaninsa da ƙofar ɗakin. Ta ce ubanta ba mahaukaci ba ne, dukan ƙasa ne yake ji, yake tsammanin har yanzu yana cikin rijiya ana haƙa daga sama.

"A lakwal aka koya miki wannan?" in ji Hamani.

"Da kunnena na ji, Baffa. Ka bar mini shi."

Hamani ya daɗe yana shafa gemu. Daga baya ya ce ya bar mata, amma ranar da Iliyasu ya sake taɓa wani, ba zai tambayi kowa ba. Da yamma ya sa aka kawo gungumen a kan amalanke, aka ajiye bayan rumbu, aka rufe da zana. Duk wanda zai zaga bayan gida sai ya wuce ta gabansa.

Tun daga ranar Tsahara ta karɓi safiyar gidan a hannunta. Ta lura da rana uban yana zama lafiya, ko an buga ƙofa sai dai ya zabura. Farkawa ce matsalar, wannan ɗan lokaci da yake buɗe ido cikin duhu bai san inda yake ba. Sai ta juya aikin gidan baki ɗaya. Abin da ake yi da safe ya koma yamma. Ruwa a ɗebo kafin magariba, a cika randa. Tuwo a tuƙa da yamma, a rage na safe, a ci shi da sanyinsa, babu hura wuta, babu ƙarar tukwane. Takalman yara da allunansu na lakwal a jera su a zaure tun kafin a kwanta. Jaki ta kai shi turken Baffa Hamani. Zakara ta sa aka yanka, Rabi'u ya yi kuka, ya kuma ci naman. Ladi ta koma ɗakin da ya fi nisa, nono a bakin jariri tun kafin ya motsa.

Turmi kuwa ta mirgina shi bayan rumbu, ta kife shi kusa da gungumen. Ta tono dutsen niƙan kakarta daga inda aka yar da shi. Hatsi a jiƙa shi, a shanya ya sha iska, sannan ta durƙusa ta niƙa, gari yana zuba a faifai ba tare da ƙara ba, sai ɗan gurzawa kamar numfashin mai barci. Hannun da ya saba da alƙalami ya yi ƙuraje, suka fashe, suka yi kanta. Gwiwoyinta suka yi baƙi. Ba ta nuna wa kowa ba.

Da asuba ita take fara tashi. Takan yi salla, ta jira har gabas ta yi fari, sannan ta ɗage asabarin ɗakin ubanta a hankali don haske ya riga sauti shiga. Sai ta tsuguna daga bakin ƙofa.

"Baba, gari ya waye. Ga sama can."

Yakan buɗe ido, ya nemi hasken, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya yi tambayar da yake yi kullum, ko an fito da shi. Takan ce an fito da shi. Ba ƙarya take yi ba, kuma bai taɓa tambayar yadda aka fito da shi ba. Daga nan ta kama hannunsa su fito tsakar gida, ta zuba masa ruwan alwala. Sai ya zauna kan buzu ne yara suke da izinin magana.

Abin ya yi aiki. Makonni suka wuce babu ihu. Iliyasu ya fara tufka igiya da hantsi, har wata rana ya yi wa Rabi'u faɗa don ya bar akuya ta ci zana, Uwani ta juya baya tana share ido da gefen zane. Hamani yakan leƙo bayan sallar asuba, ya tsaya a zaure yana sauraro, bai ji komai ba, ya wuce. Tsahara takan bi bayansa da kallo, haɓarta a sama.

Amma gari yana da kunne, kuma ba ihu kaɗai yake ji ba. A wannan shekara da safe mata ba gaisuwa suke fara yi ba, sauraro suke yi. Kowane turmi da muryarsa, kowa ta san na maƙwabciyarta. Gidan da taɓarya ta yi shiru, gidan da hayaƙi bai tashi ba, an san abin da ake ciki: rumbu ya ƙare. Gidaje da yawa sun yi irin wannan shiru kafin a wayi gari a ga sun ɗaure kaya sun nufi kudu, duk da an rufe iyaka.

Uwani ta san haka, kuma abin yana cin ta. Ta ce wa ɗiyarta mutane za su ce yunwa ta kashe su, alhali akwai ɗan abin da marigayi da ubansa suka tara na ladan rijiyoyi. Ta roƙi a bar ta ta daka ko da rana ce. Tsahara ta ce a'a, dukan yana bin ƙasa, ba ta yarda a gwada ba. Uwani ta ce a gaya wa Kande gaskiya, tunda ita ce maƙwabciya mafi kusa, tare aka kawo su garin suna amare. Nan ma Tsahara ta ƙi. Ta ce kalmar nan idan ta fita ba ta komawa. Yau Kande, gobe bakin rijiya, jibi yara suna bin Baba da tsakuwa. Ga mutane, ƙirjinsa ne bai warke ba, shi ke nan.

Kande mace ce mai faɗin kafaɗa da faɗin baki. Tun Tsahara tana ƙarama take tsokanarta, wai 'yar lakwal ba ta san gindin taɓarya da kanta ba. Wata yamma ta tare ta a hanyar rijiya, ta dubi hannuwanta, ta dubi wuyanta da ya rame.

"'Yar lakwal, turminku ya tafi Konni karatu ne shi ma?"

"Yana hutawa, Inna Kande."

"Mutanen gidan fa, da mi suke karyawa?"

"Da abin da Allah ya ba su."

Kande ba ta yi dariya ba. Kashegari ta aiko jikarta da ƙwarya rufe da faifai, dawa ce ja irin ta taimako da ake rabawa, wadda ita ma ba ta ishe ta ba. Tsahara ta buɗe, ta rufe, ta ce a koma a ce an gode, suna da nasu. Uwani ta kama baki. Ba a mayar da kyautar hatsi a shekarar yunwa, sai dai in ana son a yanke zumunci. Tsahara ta ce ba za ta ci rabon jikokin Kande a kan ƙarya ba, kuma ba ta son tausayin kowa. Na biyun ne gaskiyar da ta fi nauyi, ita ma ta sani.

Abin da ba ta sani ba, domin shekarunta na girma a Konni ta yi su, shi ne matan garin suna da hanyarsu ga gidan da kunya ta hana shi karɓa. Ba sa sake aikawa. Sukan haɗa ɗan abin da ke hannunsu, su zo da kansu tun duhu bai gama yayewa ba don kada a ga shigarsu, su zuba a turmin masu gida, su daka a tsakar gidan. Gari ya ji taɓarya ta tashi daga can, a ce ashe suna da abinci. Su bar garin a ƙwarya su fita, ba wanda zai sake ta da maganar. Rufin asiri ne, kuma shi ne alheri mafi girma da suka san za su yi wa Uwani.

Ranar da abin zai faru, rijiyar gari ta ƙafe tun la'asar, guga yana fitowa da laka. Aka ce sai ta kwana ta tara, wanda ya riga zuwa shi zai samu. Randa babu ko na alwala. Tsahara ta tashi kafin kiran salla, ta tada uwarta, ta ce kada a ɗage asabari, kada kowa ya motsa, za ta dawo kafin gabas ta yi fari. Ta ɗauki tulu ta fita.

Ta samu ruwa, rabin tulu mai launin ƙasa. Tana kan hanyar dawowa, ta kai filin dabbobi, sai ta ji. Turminsu yana da tsaga a gefe, muryarsa tana da wata 'yar rawa da ba ta ɓoyuwa. Ba taɓarya ɗaya ba ce, lugude ake yi, wannan ta sauke wannan ta ɗaga, har da tafi a tsakani. Ta tsaya cak, kamar ba ta gane ba. Sannan ta sauke tulun, ba ta san ko ya fashe ba, ta ruga.

Uwani ta ba da labarin daga baya, tana maimaitawa kamar mai neman inda za ta gyara. Ta ce ta ji motsi a tsakar gida, ta fito ta iske Kande da mata biyu sun riga sun tayar da turmin sun zuba dawa. Ta buɗe baki, Kande ta ɗora yatsa a leɓe, ta ce, "Uwar Dogo, koma ciki, ba ki gan mu ba." Ta ce ta nemi kalmar da za ta faɗa, kalmar da aka hana ta faɗa, kafin ta same ta taɓarya ta sauka.

Lokacin da Tsahara ta shigo, dakan ya tsaya. Asabarin ɗakin yana ƙasa a yage. Turmi ya kife, jar dawa ta watse ko'ina. Ubanta yana durƙushe daidai inda turmin yake, yana tonon ƙasa da hannu biyu, faratansa sun ɓare, jini yana haɗuwa da turɓaya, yana kiran sunan da bai kamata ya kira ba, yana cewa a dakata, a daina bugawa, za a rufta masa. Kande tana zaune jingine da danga, ta tallafe hannunta na dama, wanda ya lanƙwashe a inda hannu ba ya lanƙwashewa. Ta yi ƙoƙarin janye shi ne, ya fizge taɓaryar ya maka mata. Sauran matan sun gudu suna salati, kuma tuni ana jin takun maza daga masallaci.

Tsahara ta durƙusa gaban ubanta. Ta ce masa gari ya waye, ga sama can. Ta faɗa, ta sake faɗa, har hannuwansa suka yi sanyi, ya ɗaga kai ya ga hasken. Amma zaure ya riga ya cika, mutane suna leƙe ta saman danga, kuma kowa ya gani.

Hamani bai yi mata faɗa ba. Da ma ya yi, da ta sami abin da za ta riƙe. Ya wuce bayan rumbu, ya yaye zanar, ya kira samari su kama. Aka aika a kira maƙeri, aka aika a kira mai ɗori saboda Kande. Da suka nufi ɗaki da gungumen, Tsahara ta miƙe ta tare ƙofa, zanenta duk ƙasa da jini.

"Baffa, ka ce ba za ka tambayi kowa ba, ban hana ka ba. Amma ba cikin ɗaki ba."

Wani daga cikin dattawa ya ce ba a ajiye irin wannan a fili, ana ɓoye shi ne. Ta ce babu sauran abin ɓoyewa, garin duka yana kan dangarsu. In aka sa shi a duhu da ƙafa a ɗaure, to an mayar da shi rijiyar ke nan, kuma sai dai su haɗa da ita. Hamani ya dube ta, ya dubi wansa, ya nuna gindin bedin da ke tsakar gida. Nan aka ajiye turun. Iliyasu da kansa ya miƙa ƙafa, yana kallon maƙeri kamar mai kallon aikin wani. Da za a buga ƙarfen, Tsahara ta toshe masa kunnuwa da tafukanta.

Da la'asar ta tafi gidan Kande. Ta iske ta kwance, hannu ɗaure cikin karare, fuska ta kumbura don zafi. Tsahara ta gaishe ta, ta zauna a ƙasa.

"Da kin faɗa mini," in ji Kande. "Ni ce fa na yanke miki cibi."

Tsahara ta tashi ta nemi inda dawar gidan take, ta auna ta jiƙa, ta ce za ta riƙa kawo garin kullum har hannun ya warke. Kande ta ce garin dutse tsakuwa gare shi, 'yar lakwal za ta ƙarasa mata haƙora bayan hannu. Ba ta ce kada ta kawo ba.

Safiyar gidan ta yi shiru fiye da yadda Tsahara ta taɓa nema. Ba mai shigowa aron wuta, ba mai aiko yaro. Dangin Ladi suka zo suka tafi da ita da jaririn, suka ce ba za ta ƙarasa takaba a nan ba. Delu da Rabi'u suna fita lakwal ta bayan gida, su dawo ba sa faɗin abin da aka ce musu. Uwani ta daina faɗa, ta daina neman turmi. Wani malamin Tsahara ya aiko daga Konni a tambaya ko za ta dawo kafin jarrabawa, ta ce a gaishe shi.

Ba ta sauya komai ba. Ruwa da yamma, tuwo da yamma, takalma a zaure. Niƙa ya zama na gida biyu. Rigarta ta kwaleji ta yayyaga ta, ta cusa a bakin ramin turun inda icce yake cin idon sahun ubanta, kullum ta cire ta wanke ta mayar. Ta yi masa rumfar zana gefe ɗaya saboda rana, ta bar gabas a buɗe. Duk ranar Juma'a takan tare Hamani a zaure ta tambaye shi yaushe za a cire, ya ce sai an gani, ta ce to sai Juma'a mai zuwa.

Da asuba, idan ta yi salla, takan zo ta tsuguna kusa da gungumen ta jira. Daga can cikin gari taɓarya tana tashi, siririya, iska tana kawo ta tana mayarwa, kuma kowane mako turamen suna raguwa. Idan gabas ta yi fari sai ta taɓa kafaɗarsa.

"Baba, gari ya waye. Ga sama can."

Ya buɗe ido, ya daɗe yana kallo ta tsakanin ganyen bedi. Ya ja ƙafa, iccen ya riƙe, ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa.

"An fito da shi?"

"An fito da shi, Baba."

Ta matso da buta, ta fara zuba masa ruwa a hannu.